Mura Ba Ta da Ƙafa

A shekarar da aka ce mun bar Sakkwato mun zama 'yan jihar Kebbi aka haifi ƙanwata Saratu, a gidanmu na Jandutsi. Bakwaini ce, ƙarama ƙwarai, har mata masu zuwa barka sukan leƙa su yi shiru su fita. Ni kuwa shekaruna takwas, na ɗauke ta tamkar tawa. Ba na wuce ɗakin mahaifiyarmu ban shiga na manna hancina a kumatunta ba.

Tana da wata guda sanyi ya shigo, lokacin dashen albasa, mura kuma ta kwantar da rabin unguwa. Ungozoma ta faɗa a gaban kowa cewa in ta kama jaririyar nan, ƙirjinta ba zai ɗauka ba. Kwana biyu da faɗar haka na tashi da atishawa, hanci yana zuba.

Kakarmu, Inna Tumba, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta mayar da tabarmata ɗakinta, ta hana ni ƙofar jaririya, ita ma ta daina shiga. Sannan ta yi abin da ya fi ƙona mini rai: ta ɗauko wata moda, ta ɗaura mata jan zare, ta ce da ita kaɗai zan sha. A gidanmu moda ɗaya ce a kan randa, da ita kowa ke sha, daga Baba har baƙon da ya biyo hanya. A ganina an mayar da ni bare ke nan. Na sha kuka, na ƙudurta a raina Inna na kau da ido zan ɗauki ƙanwata.

Bayan tuwon magariba ta tara mu a bakin murhu kamar kullum, tana tura karan dawa a wuta. Ni ta zaunar da ni gefenta, nesa da sauran yara, ta miƙo mini ruwan zafi na citta da kanumfari da lemon tsami.

"Kulu, saki huska, ba ni tsoronki," in ji ta. "To, ga wata nan tahe gare ku."

Muka ce ta iso mu ji ta.

Wai Mura baƙuwa ce da ta sauka Jega ranar kasuwa, ta shiga gari tana kayar da mutane. Suka ce iska ke kawo ta, sai suka toshe tagogi, suka cunkushe a ɗaki ɗaya, masu lafiya da marasa lafiya. Mura ta ji daɗi har ta yi ƙiba. Sai wata tsohuwa mai sayar da albasa ta zauna ta zuba mata ido, ta ga ashe baƙuwar nan ba ta da ƙafa ko ɗaya. Kan atishawa take hawa, da tafin hannu, da bakin moda, mutane da kansu ke kai ta gida-gida. Tsohuwa ta bi gari tana shela: a buɗe tagogi, mai atishawa ya rufe baki da gefen mayafi, a wanke hannu da sabulu, marar lafiya ya kwanta ya sha ruwan zafi a modarsa. Mura ta nemi mai ɗaukarta ta rasa. Inna ta maƙale murya tana kwaikwayonta: "Ku taimake ni, bayin Allah, ko nan ga maƙwabta ku aje ni!" Muka fashe da dariya. Ba wanda ya tanka mata, kwana bakwai ta rame ta mutu inda take zaune.

Dariyata ta tsaya. Na ce, "Inna, to ni ce jakinta?"

"Ke ɗin hwa," in ji ta. "In kin so, kai ta ga Saratu. In kin so, bar ta ta mutu nan wurinki. Mi kika zaɓa?"

Washegari da hantsi aka gwada ni. Maza suna fadama, Inna ta tafi gaisuwa, mahaifiyarmu tana wanka, sai Saratu ta tsala kuka. Ban san lokacin da na kai ƙofa ba, hannuna har ya kama asabari. Sai atishawa ta taso mini. Na ja da baya da gudu, na tusa fuska a mayafi. Daga can tsakar gida na tsaya ina rera mata waƙa da toshasshiyar muryata, ita tana kuka ina kuka, har mahaifiyarmu ta fito.

Da na warke sarai, Inna ta wanke mini hannu da kanta, ta kwance jan zaren, ta ɗora mini Saratu a cinya. Ko tari ɗaya yarinyar nan ba ta yi ba. Inna ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Mun kashe Mura da yunwa!" Ban taɓa jin girman kai irin na ranar ba.

Bayan shekaru, ina aure a Maiyama, na kai ɗana awo, na ji ma'aikaciyar asibiti tana bayanin ƙwayar cutar mura da yadda take yaɗuwa. Na yi murmushi, domin ban ji abin da Inna ba ta riga ta faɗa a bakin murhu ba. A da ina ganin ƙauna ita ce ka rungumi naka. A tsakar gidanmu na Jandutsi na gane wani lokaci sai ka tsaya nesa da shi, ko da ranka yana ƙuna.

Har yau akwai jan zare a ɗakina, yarana sun san aikinsa. Saratu kuwa tana Aliero da 'ya'ya biyar, muryarta daga zaure ake jin ta. Duk ranar da ta zo ta cika mini kunne da surutu, nakan bar ta ta yi ta yi. Ina kallon ƙirjin da aka ce ba zai ɗauka ba, ina tuna ni ce jakin da ya ƙi ɗaukar kaya.