Tafin Farko a Waƙar Inna

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai Inna makwancinta, Allah Ya jiƙanta. Amma har gobe, in na zauna a ƙofar gidanmu na Yakasai da la'asar, ina jin muryarta a bakin yaran da ba su ma san ta ba.

Waƙar ƙirga ce. Asalinta ta mahaifinta ce, mai goro a Jakara, da ita yake ƙirga huhun goro in ana saukewa. Inna ta cire goro ta sa mu, 'ya'yanta bakwai, in za ta raba tuwo: "Biyu Sa'a mai kuka, uku Bala sarkin ci," har kan auta. Ɗaya kuwa ba ta faɗa. Tafi guda take yi, ta wuce. Ni ne ɗan fari, kuma a wurinta kama sunan ɗan fari rashin kunya ne. Wallahi abin ya ci mini rai ina yaro. Kowa da baitinsa, ni sai tafi kamar ana korar kaza.

Yau waƙar ta zaga gari. Yaran Ƙofar Kabuga sun sa sunayen ƙofofi, 'yan boko sun cusa mata "tu, tiri", wasu har 'yan ƙwallo suke jerawa. Da Inna na nan dariya za ta yi, ta ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ba mai riƙo ba ce.

Kwanakin baya 'yata Hadiza, malamar firamare, ta zo da takarda. "Baba, za mu koya wa ɗalibai waƙar Inna, amma baitin farko ya ɓace. A sa sunanka mana, ai haƙƙinka ne."

Shekara sittin ina jiran wannan. Na karɓi biro, sai kuma na ajiye. Na tuna bayan tafin nan, malmalar farko gabana Inna take turowa, kanta a sunkuye. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na Inna a hannu yake.

Na ce, "Bar shi yadda yake. Bai ɓace ba."

An raba kayan ɗakin Inna, ɗakin ma an mai da shi shago. Sunayen ƙannena duk yara sun sauya su. Abu ɗaya ne ba wanda ya taɓa: ko'ina za a rera waƙar, da tafi ake farawa. Ashe duk cikinmu, ni kaɗai Inna ta ajiye inda ba mai iya gogewa.