Takalmin Yaya Geum-rye

Pyo Geum-rye maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu na gaɓar tekun Muan. Ta ba ni shekara goma sha ɗaya, don haka Yaya nake ce mata, ita kuma ta kira ni Maman Du-sik, ko da yake Du-sik ɗin yanzu har ya fara furfura. Tun tana budurwa take shiga laka idan teku ya janye, tana tonon ƙumba da ƙaguwa. Mace ce mai kaifin baki, ba ta roƙo, ba ta godiya sai da ƙyar. Kullum tana cikin dogon takalmin roba na shiga laka, da shi take zuwa gona, da shi take zuwa kanti. Ƙafarta kuwa ba wanda ya taɓa gani. Ko gidan wanka na gari ba ta bin mu, wai ruwan ya cika zafi. Kowa ya san sanyin laka na shekara hamsin ne ya murɗe mata yatsu, amma ba mai ƙarfin halin faɗa.

Bayan rasuwar mijinta da shekara biyu ta ɗauko wani kare. An rufe wata gonar kiwon karnukan da ake yankawa don nama a bayan tsauni, masu ceton dabbobi suka kwashe su, suna neman masu riƙo. Ta ce mana gadin kabeji take so ya yi mata saboda barewa. Ƙarya take. Gidan ne ya yi mata shiru, ina jin ta ta katanga tana faɗa da talabijin.

Wata mata daga cikin masu ceton, mai suna Yeom, ce ta kawo shi a keji. Ramamme, kalarsa kamar ƙanzon shinkafa, shi ya sa Yaya ta sa masa Nurungji, sunan ƙanzon a wurinmu. Malama Yeom ta yi bayani dalla-dalla: gwaji ne na wata ɗaya. In bai saba ba za ta mayar da shi, kuma wurinsu ya cika maƙil, karen da ya kasa zama da mutane allurar kisa ce ƙarshensa.

Ana buɗe kejin ya shige ƙarƙashin dandamalin katako na gaban ɗakinta, can ƙurya, ya lafe. A ƙauyenmu kare a tsakar gida yake zama, ba wanda zai yi tunanin shigar da shi ɗaki. Yaya ta yi abin da kowace tsohuwa a nan ta iya, wato ciyarwa. Da ta dawo daga laka, kafin ta zaga ƙofar kicin ta baya inda take wanke jiki, sai ta tsaya gaban dandamalin da kwanon shinkafa da romon kifi tana kira. Shi kuwa ya hau rawar jiki har katakon na motsi, wani lokaci ya saki fitsari. Ba ya taɓa abincin sai ta bar gidan.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ni. In na leƙo da silifas ɗina, ba ya fitowa, amma ba ya karkarwa. Rannan har ya miƙo hanci ya shinshina.

“To ɗauke shi mana, Maman Du-sik,” in ji ta. “Tun da ke ce mai farin jini. Ni ko mijina sai da ya shekara kafin ya saba da ni.”

Na yi dariya, amma na ga idonta. Ta yarda har zuciyarta cewa karen ya dube ta ne ya ga wani abin ƙi. Ni ma, don rashin wayo, sai na ba ta shawarar ta rage murya. Mako guda tana yi wa kare raɗa, ba abin da ya sauya.

Ranar da wata ya cika, Malama Yeom ta zo da kejin da hantsi, ni ma na leƙo. Yaya ta dawo daga laka ke nan. Ba ta yi gardama ba. Ta ce ta gaza, a ɗauke shi, sai dai a jira ta ɗauko masa tsohon bargon mijinta. Saboda akwai baƙuwa, ba ta zaga baya ba, ta zauna a bakin dandamalin ta tuɓe takalmin don ta shiga ɗaki. Safar ta jiƙe, ta maƙale a ciki. Cikin haushi ta yi jifa da takalman can bakin ƙofar gida, ta zauna ƙafafunta na lilo, ta manta da mu.

Ran nan na fara ganin ƙafar. Yatsun sun hau kan juna, diddigen duk faso. Ina ƙoƙarin kawar da kai sai na ga hanci ya fito daga ƙarƙashin katako. Ya shinshina diddigen, ya lashi gishirin da ke jiki, ya sake lasa. Yaya ta ƙame, ko numfashi ba ta yi.

Malama Yeom ta dubi takalman da ke yashe, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce masu aiki a waccan gonar irin wannan takalmin suke sawa, kuma duk ran da takalmin ya tsaya a gaban keji, akwai karen da ba zai dawo ba. Daga inda Nurungji yake kwance, ƙafa kawai yake gani. Wata guda Yaya tana kawo masa abinci cikin takalmin mahauta.

Amma lasa kaɗai ba ta isa a rubuta cewa ya saba ba. Malama Yeom ta ce sai ta ga ya bi Yaya. Na cire silifas ɗina zan miƙa wa Yaya, Malama Yeom ta girgiza mini kai, kada motsi ya mayar da shi ciki.

Tsakar gidan Yaya da fasassun ɓawon ƙumba aka daɓe shi, ga sanyin ƙarshen kaka. Ta dubi ƙafarta, ta dube mu. Na san abin da ke yi mata nauyi, kuma ba kaifin ɓawon ba ne. Ta sauko. Ta taka a hankali har tsakiyar gidan, ba ta waiwaya ba, ba ta kira ba. Karen ya fito da ciki a ƙasa, ya tsaya, ya ƙara taku, har ya kai hancinsa bayan ƙafarta.

Malama Yeom ta mayar da kejinta mota ba kowa a ciki.

Yanzu takalman a ƙofar gidana suke kwana. Nan take sa su da safe, nan take tuɓe su in ta dawo, ta ƙarasa gida da silifas, yatsun a waje, duk ƙauye na gani. Ranar farko ta kama ni ina kallo.

“Me kike kallo?” ta ce. “Shi da ya lasa ma bai ce komai ba.”