Yatsan da Ya Dangwala Takardar Sanusi

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ne. Na yi wata biyu a hannun 'yan bindiga cikin dajin Rabah, na fito ban zubar da hawaye ba. Amma wanga da zan faɗa muku, wallahi da ni ya faru, kuma har yau yana cina.

Shekara tara ke nan, muna noman albasa a fadamar Goronyo, ni da yayana Mamman. Wata hantsi muna ban ruwa, ya miƙe zai gyara bakin fangali, sai ya kife. Bai yi tari ba, bai ce wayyo ba. Kafin mu kai asibiti rai ya yi halinsa.

Likitan ya ja ni gefe ya tambayi yadda mahaifinmu ya rasu, na ce a kasuwar Rimawa ya faɗi, haka nan shi ma. Ya ce irin wannan mutuwa wani lokaci ciwon zuciya ne mai bin jini, kuma akwai na'ura a Sakkwato da ake shigar da mamaci ta ɗauki hoton zuciyarsa, ba yanka ba fiɗa, in an ga abin sai a duba 'ya'yan tun da wuri. Ya ce in munka tashi yanzu, kafin la'asar mun dawo.

Na ce gawa ba ta jira. An riga an aika ginin kabari, mutane sun cika ƙofar gida, mi za a ce da ni, na ɗauki yayana na kai shi birni yawon hoto? Sanusi, babban ɗansa, ya ce, "Baffa, mu bari a duba." Na daka masa tsawa. Likitan ya ce to ko ba a yi hoton ba, in kawo yaran a auna su. Na ce to, don ya ƙyale ni. Ban kai kowa ba.

Da hannuna na yi wa Yaya wanka. Na wanke babban yatsansa na dama, wanda lauje ya tsaga tun muna ƙanana, tabon ya raba shi biyu. Azahar munka rufe shi.

Bayan shekara shida, Sanusi ya yi aure har da ɗa, yana loda buhunan albasa ranar kasuwar Goronyo, ya yanke jiki ya faɗi. Da sauran numfashinsa, munka sa shi mota sai Sakkwato, muna wuce mararrabar Wurno ya cika a kan cinyata. Direba bai tsaya ba, yana ganin suma ce.

A can wani likita ya kawo maganar nan dai, hoto, ba yanka, amma sai wani babba a dangi ya sa hannu. Na ce bari in yi sallar azahar tukuna. Gaskiya ƙi zan yi, Allah ya sani. In na yarda aka ga abin, to ya tabbata ni na bar yaron ya mutu.

Na dawo na iske gadon ba kowa. Malamar asibitin ta ce an shiga da shi ɗakin hoto, ai mahaifinsa ya yarda.

Na ce, "Wane mahaifi, malama?"

Ta ce, "Dogon nan mai laka a ƙafa. Ya ce bai iya rubutu ba, ya dangwala. Ya ce in ƙanensa ya dawo, a ce masa kada ya manta da Hadiza."

Hadiza ƙanwar Sanusi ce, tana aure a Kwargaba, kuma ban ambaci sunanta ba a asibitin nan. Mu biyu munka zo, ni da direba, shi kuwa gajere ne. Ta miƙo mini takardar. Ban iya karatu ba, amma na san yatsa. Tawadar ko bushewa ba ta yi ba, ga farin layi ya raba dangwalen biyu. Innalillahi, na zauna a ƙasa.

Hoton ya fito. Likitan ya nuna mini wani wuri, ya ce naman zuciyar ya yi kauri fiye da kima. Na tambaye shi da an duba yaron tun can fa? Ya ce rai na Allah ne, amma da an gani, da ba a bar shi yana ɗaukar buhu ba. Kafin magariba munka rufe Sanusi kusa da ubansa.

Ana gama zaman makoki na je Kwargaba na ɗauko Hadiza da kaina. An auna ta, ita ma tana da ciwon. Tana shan magani, tana nan da ranta. Ɗan Sanusi ma duk shekara nake kai shi.

Na bi dangi ɗaya ɗaya ina duba yatsunsu, ba mai tabon. Na faɗa wa limaminmu, ya ce in yawaita istigfari.

Shawarata, in naku ya faɗi haka nan ba ciwo, likita ya nemi hoto, ku ba shi wannan ɗan lokacin, ƙasa ba ta gudu. Ni ban san wa ya dangwala takardar nan ba. Na dai san bai jira in idar da salla ba, domin ya san abin da zan ce.