Injin Niƙan Da Ya Cinye Karatun Matata

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasar nan, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Yankara. Shekaruna ashirin da huɗu, ba ni da wata takardar malanta sai ta gama aji bakwai da ɗan kwas na 'yan watanni, don lokacin gwamnati na buɗe makarantu ko'ina, duk wanda ya iya riƙe alli ana nemansa. Ina da keke, ina da agogon hannu, kuma in na ratsa ƙauyen har dattawa Malam suke ce mani. Abin ya shiga kaina fiye da yadda na sani. Yau na tsufa, na yi ritaya, kuma abin da zan rubuto maku ko 'ya'yana ban taɓa zaunar da su na faɗa masu shi yadda yake ba.

Matata 'yar Pauwa ce. Ta gama firamare da sakamako mai kyau, ta kuma ci jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mata, abin da ba a saba gani ba a ƙauyensu. Mahaifinta manomi ne, bai yi boko ba, amma yana ji da karatun ɗiyar nan tasa. Da na je neman aurenta sharaɗi ɗaya ya kafa mani, cewa aure ba zai hana ta zuwa kwaleji ba. Na ɗauki alkawari a gaban waliyyaina da nasa, har da cewa ai ni malami ne, na fi kowa sanin darajar ilimi. Kwalejin ta yarda ta ajiye mata gurbinta na shekara guda, aka ɗaura aure, ta tare.

Abin da ban gaya mata ba shi ne da bashi na yi bikin. Na so a ga lefen malamin makaranta, na so ɗakin amarya ya zama na kwano ba na ciyawa ba, sai na ranci naira ɗari biyu wajen wani Alhaji mai sayen auduga a Faskari. Sati uku da tarewa ya aiko a tuna mani, a nan ta ji. Na zaci za ta yi fushi, amma sai ta ɗauko fensir da tsohon littafinta na makaranta, ta tambaye ni nawa ne albashina, nawa muke ci a wata. Ta fi ni lissafi, ko a lokacin na san haka. Ta raba albashin gida biyu, rabi na cefane, rabi na Alhaji. Ta ce kuɗin shirin kwaleji, wato akwati da kayan sawa da littattafai da kuɗin mota da ɗan abin riƙewa, wannan ita za ta nema. Ta fara yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wata tsohuwa maƙwabciyarmu na kai mata kasuwar Yankara. Nama sau ɗaya muke gani a sati, ranar kasuwa. Shayi sai ran Juma'a. Na riƙa yin mita, ita kuwa sai ta nuna mani shafin littafin, ta ce in duba yadda bashin ke sauka. Cikin wata bakwai ya koma ƙasa da rabi, kuɗin makarantarta kuma sun kusa cika. Ban taɓa zama cikin kwanciyar hankali irin ta watannin nan ba, amma a lokacin talauci nake kiran abin.

Sai gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, aka biya mu ariyas, wato cikon kuɗin watannin baya, a dunƙule. Ban taɓa riƙe kuɗi masu yawa haka ba. Abokan aikina wannan ya sayi babur, wancan rediyo mai kaset, wani katifar soso. Matata ta ce mu kai wa Alhaji sauran kuɗinsa mu huta, abin da ya rage mu sayi dawa da gero tun suna da araha. Na ce to, amma ban kai ba. A satin ne wani abokin aikina ya ba ni labarin wani mutum a Damari da ya kafa injin niƙa, wai kwanonin hatsi layi suke yi a ƙofarsa tun safe. Na hau keke na je na gani da idona. Na tsaya ina ƙirga kwanon da ke shiga, ina ninkawa da kwana talatin, kafin in dawo gida na riga na zama mai kuɗi a raina. Ban lissafa man gas ba, ban lissafa bel da ke tsinkewa ba, ban lissafa ladan mai tuƙa injin ba, ban kuma tambayi mutumin sau nawa injinsa ke lalacewa ba.

Da na kawo mata maganar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ba ta ƙi sana'a ba, amma mu fita bashi ɗaya kafin mu shiga wani. Na ce ariyas ɗin ba za su isa ba, ta ara mani kuɗin makarantarta, cikin wata uku zan mayar mata ninki biyu. Ta ce a'a. Na sake tuntuɓarta bayan kwana biyu, ta sake cewa a'a, ta tuna mani alkawarin da na yi wa Baba. Na ji haushi ƙwarai, wai ni da nake koyar da lissafi yarinya ce za ta koya mani yadda ake juya kuɗi. Na bari sai da ta tafi Pauwa bikin sunan jaririn yayarta, na buɗe akwatinta na kwashe kuɗin gaba ɗaya. Na koma wajen Alhaji, maimakon in biya shi sai na ƙaro wani rancen. Na tafi Funtua na sayo inji na hannu, wanda wani ya riga ya yi aiki da shi, aka kawo shi a bayan mota aka kafa a wata rumfa cikin gidanmu. Ranar da ta dawo ta tarar da shi yana ƙara, gari na tashi, mutane sun cika ƙofar gida. Ta shiga ɗaki, na ji ta buɗe akwatin ta rufe. Da ta fito abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, da ka bari na dawo, ka karɓa a hannuna." Na yi dariya, na ce ta jira ta gani.

Wata biyun farko kuɗi sun shigo, har na fara yi mata gori. Daga nan wani mai hali ya kafa sabon inji a bakin kasuwa, ya rage kuɗin niƙa, rabin masu zuwa wajena suka koma can. Nawa kuwa tsoho ne, yau bel, gobe wani ƙarfe ya cinye, kuma duk lalacewa sai an ɗauko bakanike daga Funtua, in biya kuɗin motarsa zuwa da komawa, in ciyar da shi. Na fara barin aji ina tafiya neman kayan gyara. Hedimasta ya yi mani magana sau biyu, na uku sufeto ne ya zo ya tarar da ajina ba malami, aka riƙe mani albashin wata guda. Mutumin da na ɗauka yana tuƙa injin ya ga ladansa ba ya fitowa, ya kama gabansa. Lokacin tafiya kwaleji ya zo ya wuce, ba akwati, ba kuɗin mota. Ita da kanta ta rubuta masu takardar roƙo, suka amsa cewa za su jira ta zuwa zango mai zuwa, bayan nan sai su ba wata. Ta karanta mani amsar, ta ce tunda kuɗinta na cikin injin, za ta riƙa tuƙa shi da safe in na tafi makaranta, ko Allah zai sa su fito kafin lokacin. Na yarda, don hakan ya yi mani daidai.

Akwai murfin ƙarfe da ke rufe bel ɗin. Ni na cire shi, saboda bel ɗin na yawan zamewa kuma kwance murfin kowane lokaci na ɓata mani lokaci. In ya zame nakan tura shi da hannu ya koma ba tare da na kashe injin ba, don tayar da shi wahala ne. Ta sha ganina ina yin haka. Wata ranar Alhamis da hantsi ina cikin aji huɗu, sai ga maƙwabcinmu ya shigo ko sallama babu, ya ce in taho gida. Na tarar da mata sun kewaye ta, an naɗe mata hannun dama da zane, zanen ya jiƙe sharkaf. Ba ta kuka, idonta kawai a buɗe. Babu mota a ƙauyen, sai da muka tsaya bakin hanya har wata motar auduga ta zo ta ɗauke mu. A asibiti suka ce yatsu uku ba za su gyaru ba, aka cire su, sauran biyun kuma suka sandare.

Mahaifinta ya zo washegari. Na shirya jin zagi, har da mari na shirya wa, amma bai ɗaga murya ba. Ya daɗe zaune bakin gadonta, sannan ya fito ya same ni a baranda, ya tambaye ni ko kwalejin za ta karɓe ta a haka. Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce, "Ni ban yi makaranta ba, Malam, amma abu ɗaya na roƙe ka." Ya saka takalmansa ya tafi. Daga ranar har Allah ya karɓi ransa bai sake cin abinci a gidana ba. In ya zo ganin jikokinsa a zaure yake tsayawa. Da aka sallame ta Pauwa ya wuce da ita, ta yi wata huɗu a can, gurbin kwalejin ya tafi. Na ɗauka auren ya ƙare, sai ga ta ta dawo da kanta wata ranar kasuwa. Ban tambaye ta dalili ba, don ina tsoron amsar.

Alhaji ya zo ya ɗauke injin a kuɗin da bai kai rabin abin da na saye shi ba, sauran na yi shekara biyu ina biya daga albashi. Ban ga laifinsa ba, haƙƙinsa ne. Abin da ke ci mani rai har yau shi ne abin da ya biyo baya. Bayan shekara uku aka tura ni ƙaro karatu, kyauta, ga albashina na tafiya, ga alawus. Na samo takardar da ita ta ci jarrabawar nema tun kafin in san ta. Na zama hedimasta, aka mai da ni wajen Sabuwa. Ita kuwa ta koyi rubutu da hagu, ita ta koya wa 'ya'yanmu duka karatu kafin su shiga aji ɗaya. Wata rana aka turo mana sufeto mace, ashe 'yar ajinsu ce ta firamare, wadda matata ke koya wa lissafi a da. Ta biyo ni gida su gaisa. Na ga matata ta kawo mata abinci da hannun hagu, na daman a cikin mayafi, tana yi mata murna da fara'a, tana ce mata Hajiya. Bayan baƙuwar ta tafi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ba ta fito ba sai la'asar.

Ba ta taɓa yi mani gori ba, ko sau ɗaya. Shekaru na ɗauka wannan yafiya ce. Sai da babbar ɗiyarmu ta sami shiga makarantar gaba da sakandare, ina ta lissafin inda zan samo kuɗi, sai na ji an riga an biya komai. Ashe tun yarinyar na goye take tara ribar ɗan abin da take sayarwa, tana aika wa ƙanenta a Pauwa yana saya mata awaki yana kiwo. Shekara goma sha takwas ana wannan a bayan idona. Da na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mani ba, sai ta ce ba don komai ba ne, Malam, ta ga dai ya fi zama lafiya a can. Har yau muna tare, tana girmama ni, tana kula da ni a wannan tsufan, amma ban san nawa take da shi ba, ban san inda take ajiyewa ba, kuma na san ba ni da ikon tambaya. A gari kuwa ana yabona, ana cewa Malam ya ilmantar da 'ya'yan mutane da yawa. In na ji haka sai in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ƙaddara ce, ko kuma zamanin ne ya ruɗe mu, kuɗi sun zo wa mutanen da ba su saba da su ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta buɗe akwatin ba, ba ita ta cire murfin bel ba. Ku sababbin ma'aurata, musamman ku maza, in kun zauna da matanku kun tsara yadda za ku bi da ɗan abin da ke shigo maku, ku tsaya a kai ko da kuɗi sun faɗo maku daga inda ba ku zata ba. Ku fita bashin da ke wuyanku kafin ku yi mafarkin riba. Duk sana'ar da aka kwaɗaita maku, ku tambayi abin da take ci kafin ku tambayi abin da take kawowa. Kuɗin da mace ta tara don karatunta ko na ɗanta ba jarinku ba ne, kuma in ta ce a'a, a'a ɗin take nufi. Alhaji na biya shi kuɗinsa har kwabon ƙarshe, ya ce mun rabu lafiya. Wanda na ɗauka a akwatin matata na yi ta kai mata ninkinsa, ta karɓa ta yi godiya, amma ni da ita mun san ban biya ba.