Madarar Jar Akuya da Likitar Awaki

Da ban riƙa ba maigidana madarar nan ba, da yanzu yana nan zaune a ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa? Na tambayi malamai, na tambayi likitoci, kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, amma zuciyata ba ta daina tambaya ba. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma abin da zan ba ku labarinsa ba zan manta da shi ba har a sa ni a ƙasa.

Mu mutanen Ƙofar Dundaye ne. Maigidana jajayen awaki yake kiwo a bayan gida tun kafin a kawo ni. Wata shekara zazzaɓi ya kama shi, ya tafi ya dawo, ga ciwon gaɓoɓi, ga gumi kamar an watsa masa ruwa. Ya sha maganin zazzaɓin sauro har ya gaji. Ni kuwa abin da na gada wurin uwata nake yi: kullum da safe in tatso akuya in miƙa masa madarar da ɗuminta, ba tafasawa, don an ce wuta tana kashe ƙarfinta.

Muna da jikanya marainiya, mu muka riƙe ta, tana shekarar ƙarshe a karatun likitan dabbobi. Kakanta ba ya kiranta sai “likitar awaki”. Burina ta gama a buɗe mata shagon maganin dabbobi nan kusa, in riƙa ganinta safe da yamma. Malaminsu kuwa so yake ta tafi wani gari mai nisa ta koyi aikin binciken cututtuka. Na ce sam, ba da ni ba.

Wata Juma’a ta iske ni da kofin madara a hannu. Ta ce, “Inna, awaki nawa suka yi ɓari bana?” Na ce huɗu. Ta ce, “Wa ya kwashe?” Na ce, “Kakanki mana, da hannunsa.” Sai ta karɓe kofin ta ajiye.

Ran Litinin da hantsi sai ga mota a ƙofar gida. Ɗalibai suka yi ta fitowa da fararen riguna da safar hannu, malaminsu a gaba. Wayyo, ranar nan gidanmu ya ga biki! Maƙwabta har kan katanga. Bunsurunmu ya ƙi kamuwa, ya zagaya rumbu da wani dogon ɗalibi har ya kai shi ƙasa cikin kwatarniyar dusa. Maigida, da ciwonsa da komai, dariya har da hawaye, yana cewa, “Wanga ne likita? Bunsuru ya hi shi karatu!” Suka ɗebi jinin awakin kaf, malamin kuma ya ba da takarda aka kai maigida asibiti aka ɗebi nasa.

Bayan mako biyu suka dawo. Malamin ya durƙusa ya gaishe mu, ya ce, “Baba, cutar da ke sa awakinka ɓari ita ce a jikinka. Ta ɗanyar madara take shiga, da taɓa ɓarin. Tana da magani.” Ashe da hannuna nake ba shi! Na fashe da kuka a gaban yaran mutane. Malamin ya ce, “Inna, ba wanda ya taɓa gaya miki. Masu zama su gano irin wannan ne ba mu da su da yawa.” Ya juya ga ɗalibansa ya ce, “Kowa shago, kowa gidan kaji. To wa zai zauna ɗakin gwaji?”

Sai maigida ya dafa bango ya miƙe. Ya ce, “Yara, ku saurara. Wata nawa ana dubana, ba wanda ya tambayi lahiyar awakina. Wagga yarinya awaki ta tambaya, ta gano ni. Kun san dabba, kun san jini, mi kuke jira? Ku tahi ku binciko mana sauran!” Ya dube ni ya ce, “Ke kuma tsohuwa, shagon nan naki, ki sai da ƙuli-ƙuli ciki.” Gida ya kaure da dariya. Dogon ɗalibin nan ya ɗaga hannu, wata ma ta ɗaga. Jikanyata ba ta ɗaga ba, ni take kallo. Na share hawaye na ce, “Ɗaga mana, sai na ɗaga miki?” Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba.

Ya sha magani makonni, ya miƙe, ya raka jikanyarmu tasha da ƙafarsa ranar da za ta tafi koyon binciken. Damina biyu muka ƙara tare. A nan na koyi cewa ilimin da ke ceton mutum ba ya zaɓen ƙofar da zai shigo, kuma yaron da Allah ya ba basirar bincike, riƙe shi kusa da kai zalunci ne ga mutanen da ba ka sani ba.

Da ciwon ajali ya zo, likita ya ce zuciya ce. Wata la’asar na ga numfashinsa ya canza, na ɗauko waya in sa a kira min jikanyata ta taho. Ya kama hannuna, Allah ya jiƙansa, ya yi murmushi ya ce, “Aje wayar nan. Jinin wani tsoho na gabanta yanzu, bari ta gama dubawa.”