Saiwar Maƙwabciyata

Na haifi ɗana na fari a unguwar Ainu Shams, can ƙasar Larabawa, cikin sanyin 2013. Mijina ɗalibi ne, kullum yana makaranta, Inna kuma ba ta samu biza ba. Ga jego ba mai kula da ni, ga jiri. Tsoro nake ji ƙwarai, kada sanyi ya shige ni in lalace a ƙasar mutane.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Sin, Musulma, ɗanta yana saro kaya a kasuwar Ataba. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, don Larabcinta bai fi cikin cokali ba. Ina dawowa daga asibiti sai ga ta da tukunya. Farfesun kaza ne, ba yaji ko kaɗan, da yanka-yankan wata saiwa rawaya suna yawo a sama. Da hannu ta yi min bayani: itacen gajere ne, a garinsu ake haƙo saiwar, masu haihuwa ake dafa wa. Zaƙi-zaƙi gare ta, da ƙamshin ƙasa. Ranar na sha don kunya, washegari na sha don yunwa.

A kan wanka muka saɓa. Ta tarar na dafa ruwa, ta ƙwace bokitin tana "La, la, khalas!" wato a'a, in bari. Ashe a wajensu mai jego ba ta wanka sai ta yi wata. Mu kuwa safe da yamma ne, da ruwa mai ƙuna. Ita sanyi take jiye min, ni ma shi nake gudu, amma kowa ya ja daga. Raina ya ɓaci, na kira Inna ina kuka, na kai ƙara.

Inna ta ce, "Kullum take zuwa?"

Na ce kullum.

"Ba ta wayar."

Na ce ai ba ta jin Hausa. Inna ta ce in ba ta dai. Na miƙa mata, ina jiyo muryar Inna tana jero addu'a: Allah ya jiƙan mahaifa, Allah ya raya zuri'a. Dattijuwar ta riƙe wayar da hannu biyu, duk inda Inna ta numfasa sai ta ce amin.

Da wayar ta dawo hannuna, Inna ta ce, "Ki shanye abin da ta ba ki. Wankan kuma ki bari sai ta fita. Kada ki ɓata mata rai, ita ce a madadina."