Haƙoran Babur

Me ya sa ni ya kira ranar nan, alhali 'ya'yansa maza suna zaune a zaure?

Tun da Malam, maigidana, ya sayi babur ɗinsa, ko taɓawa bai taɓa bari na yi ba. Ranar nan da hantsi ya shigo da shi tsakar gida, ya kwance ƙafar baya, ya ciro faifan ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke bi. Duk sun cinye. Ya ce, "Kin ga, ya riga ni yin giɓi." Na ce, "Da kaɗan dai." Muka yi dariya.

Ina riƙe da ƙafar, yana ɗaura sabon da ya sayo a Tudun Wada. Baƙin mai ya ɓata mini lalle, na yi ta mita.

Ya ce bari ya gwada shi zuwa Burumburum. A hanya motar hatsi ta buge shi, gawarsa aka dawo mini da ita. Allah ya jiƙansa. Ina faɗa hawaye na zuba.

Da zai tafi, yana tura babur ɗin waje na ɗauki buta, sai ya waiwayo ya ce, "Uwar yara, kar ki wanke hannu tukuna. In na dawo za mu ƙara jan sarƙar."